Agajin abinci: taimako ne, ko hanyar rabuwa da rarar hatsi?

"Malam, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Na ji an ce wasu gwamnatoci suna biyan kuɗi daga baitulmalinsu don a sayar da amfanin gonarsu a ƙasashen waje da araha fiye da yadda 'yan ƙasarsu ke saye. Kuma su ɗin dai su ne ke aika jiragen ruwa cike da hatsi kyauta ga ƙasashen da ke fama da yunwa. Wani abokina ya ce duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, wai agajin ma dabara ce ta kashe manoman ƙasashe matalauta. Shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, ba gara a daina karɓa ba?"

Malam, tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko, me zai sa gwamnati ta yi asarar kuɗinta don baƙo ya ci abinci da araha. Ta biyu, ko agajin abinci reshe ne na wannan dabara. Abokinka ya kama wani ɓangare na gaskiya, domin a tarihi uwarsu ɗaya, wato rarar da ta cika rumbunan gwamnati aka rasa yadda za a yi da ita. Amma hukuncin da ya yanke ya yi faɗi da yawa. Na yi aikin sayen hatsi da jigilarsa don rabon agaji, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne, buhu ɗaya yana iya ceton rai a wannan wata, ya karya manomi bayan wata uku. Abin da ke raba su shi ne lokacin da ya iso, da inda aka sayo shi, da kuma wanda ya yanke shawarar a aiko shi.

Yadda rara ke haifar da tallafi

Babu gwamnatin da ta wayi gari ta ce bari in ciyar da baƙi da araha. Abin yana farawa ne a cikin gida. Gwamnati takan yi wa manomanta alƙawarin farashi, ta ce in kasuwa ta faɗi ƙasa da kaza, ni zan saya. Amurka ta fara wannan gadan-gadan a 1933, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, ta kafa hukumar da ke ba manoma rance ta karɓi amfanin gona a matsayin jingina. Ƙasashen Yammacin Turai sun kafa nasu tsarin noma na bai-ɗaya a 1962, suna tuna yunwar da suka sha a yaƙin duniya na biyu. To manomin da ya san ba zai faɗi ba, me zai hana shi ƙara gona, ƙara taki, ƙara shanu? Cikin 'yan shekaru noma ya zarce ci. A Turai har aka riƙa maganar duwatsun man shanu da tafkunan giya, saboda yawan abin da aka jibge a ɗakunan ajiya. Ajiya kuwa kuɗi take ci kullum, ga haya, ga sanyaya kaya, ga ƙwari.

Daga nan sai a dubi waje. Matsalar ita ce farashin gida ya fi na kasuwar duniya, don haka babu ɗan kasuwar da zai saya da tsada a gida ya kai waje ya sayar da asara. Sai gwamnati ta cike masa gurbin. A ce tan ɗaya yana kan 200 a gida, a kasuwar duniya kuma 130. Gwamnati ta ba mai fitarwa 70 a kan kowane tan, shi kuma ya sayar a kan 130 bai yi asara ba. Wannan shi ne tallafin fitar da kaya a ainihin ma'anarsa. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 Turai tana kashe abin da ya kai kimanin biliyan 10 na kuɗinta a shekara a kan wannan kaɗai. A lissafin ministan kuɗi, biyan 70 a rabu da kaya ya fi a ci gaba da biyan kuɗin ajiyarsa shekara da shekaru, kuma ya fi sauƙi a siyasance a kan a ce wa manoma su rage noma.

Da ɗaya ya fara, ɗayan ba ya zama ya zuba ido. A 1983 Amurka ta sayar wa Masar garin alkama tan miliyan ɗaya a kan farashi mai rahusa, don ta ƙwace kasuwar da Faransa ta saba ci. A 1985 ta kafa shiri na musamman da ke ba kamfanonin fitar da hatsi lada in sun karya farashi a kasuwannin da Turai ke sayarwa. Baitulmali biyu suka shiga gasa, kowa yana ƙona kuɗin masu biyan haraji. Waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙasashen da ke noma da arha ba tare da tallafi ba, kamar Ajantina da Ostareliya da Tailan, shi ya sa a 1986 suka haɗa ƙungiya a garin Cairns na Ostareliya don su yi magana da murya ɗaya.

Amma kada a ɗauka duk taimakon da gwamnati ke ba masu fitar da kaya iri ɗaya ne. Akwai wanda ba shi da laifi sosai: gwamnati ta buɗe ofishin noma a ofisoshin jakadancinta, ta kai 'yan kasuwa baje koli, ta gina ɗakin gwaji don kaya su cika sharuɗɗan lafiya na ƙasar da za a kai, ta gyara tashar jiragen ruwa. Amurka ta daɗe tana ware dala miliyan 200 a shekara don tallata kayan gonarta a waje. Wannan neman ciniki ne, kowa yana iya yi. Akwai kuma na tsakiya, wato gwamnati ta tsaya wa mai saye a banki. A tsarin Amurka, in bankin ƙasar da ta sayi hatsin ya kasa biya, gwamnati ce ke biyan kashi 98 cikin ɗari na uwar kuɗin. Wannan yana sa bashi ya yi sauƙi, ya ja mai saye zuwa wajenka. Yana kuma iya zama asara ta gaske: da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990 ta daina biya, sai da bashin da ya kai kimanin dala biliyan biyu ya faɗa kan gwamnatin Amurka.

Inda agaji ya shigo

A ranar 10 ga Yuli 1954 Shugaban Amurka Eisenhower ya sa hannu a dokar da ake kira PL 480. Sunanta na asali ma yana da "bunƙasa cinikin amfanin gona" a gaba, "taimako" a baya, kuma ba a ɓoye manufar ba: a rage rara, a buɗe kasuwa, a ƙulla abota a lokacin yaƙin cacar baka, a kuma ciyar da mayunwata. Shugaba Kennedy ne ya ɗaukaka ta da sunan Abinci don Zaman Lafiya, ya naɗa George McGovern ya shugabance ta a 1961. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a shekarun farko mafi yawan hatsin ba kyauta ake rabawa ba. Sayar wa gwamnatoci ake yi a kan bashi mai sauƙi, su biya da kuɗin ƙasarsu, su kuma su sayar a kasuwanninsu. Kuɗin Indiya da suka taru a hannun Amurka ta wannan hanya sun yi yawan da a 1974 jakadan Amurka, Daniel Patrick Moynihan, ya miƙa wa gwamnatin Indiya cek na kimanin dala biliyan biyu don a yafe mafi yawansu.

Labarin Indiya ya isa ya nuna maka fuskokin biyu. Fari ya afka mata a 1965 da 1966. A 1966 ta shigo da hatsi kimanin tan miliyan 10, mafi yawansa alkamar Amurka, kuma ba don shi ba da mutane sun mutu da yawa. Wannan ba abin musu ba ne. Amma Shugaba Johnson ya riƙa sakin jiragen kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, don ya matsa wa Indiya ta sauya manufofin nomanta, a daidai lokacin da take sukar yaƙin Biyetnam. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Zafin wannan wulaƙanci yana cikin abin da ya sa Indiya ta rungumi sabon irin alkama na masana noma Norman Borlaug da M. S. Swaminathan da taki da ban-ruwa, har ta zo ta daina dogaro da kowa. A Bangladash kuwa abin ya fi muni. A 1974, ana tsakiyar ambaliya da yunwa, Amurka ta jinkirta hatsi saboda ƙasar tana sayar wa Kyuba buhunan rama.

Batun buɗe kasuwa ma ya yi aiki a wasu wurare. Koriya ta Kudu da Taiwan sun fara da karɓar alkamar agaji, suka ƙare suna cikin manyan masu sayenta da kuɗinsu. Masu kare shirin a majalisar Amurka da bakinsu suke kafa hujja da haka.

Hujja mafi ƙarfi a wurina cewa agajin wancan zamani rumbun mai bayarwa yake bi, ba cikin mai jin yunwa ba, ita ce yadda yawansa ke hawa da sauka. In hatsi ya yi arha a duniya, agaji ya yi yawa. In ya yi tsada, wato lokacin da matalauta suka fi buƙata, sai ya ragu. A 1973 da 1974 farashi ya yi tashin gwauron zabi, agaji ya faɗi warwas, ga yunwa a yankin Sahel da Habasha da Bangladash. A 1999 agajin abinci na duniya ya kai kimanin tan miliyan 15, a 2007 kuwa, ana shiga tsadar abinci, ya dawo kimanin miliyan 6. Dalilin ba mugunta ba ne kawai. In rara ta ƙare babu abin da ake neman rabuwa da shi, kuma kasafin da aka yanke da dala yana sayen hatsi kaɗan in farashi ya hau.

Shin yana kashe manoma?

Masanin tattalin arziki Theodore Schultz ya yi gargaɗi tun 1960 cewa hatsi mai arha da ake zubawa a ƙasa matalauciya zai karya farashi, ya kashe wa manomanta gwiwa. An shafe shekaru sittin ana auna wannan magana, kuma sakamakon bai fito fes a gefe ɗaya ba. Ga yadda nake kallonta daga abin da na gani. In ka ba iyalin da ba su da ko sisi abinci, ba ka ƙwace wa wani manomi mai saye ba, domin dama ba su da abin saye. In kuwa ka sauke tan dubu ɗari a kasuwar babban birni, ko ka raba wa waɗanda da za su iya saye, to ka taɓa farashi. Haka in jirgi ya makara. An nemi agaji lokacin da rumbuna suka ƙare, takardu da gwanjon kwangila da teku da tasha suka cinye watanni, kaya suka iso ana tsakiyar girbi. Na tsaya a wuraren rabo inda mutane ke karɓar buhu su wuce da shi kasuwa, a daidai makon da maƙwabtansu ke kawo sabon hatsi. Babu wanda ya shirya cutar da kowa, amma manomin da ya ci bashin taki shi ya biya kuɗin jinkirin.

A nan bari in ɗan kauce. Sau da yawa mutane kan ga buhun agaji a kasuwa su ce an sace. Wani lokaci sata ce, ba na musu. Amma galibi mai karɓa ne ya sayar da wani kaso don ya biya kuɗin niƙa, ya sayi gishiri da sabulu da magani, ko ya musanya hatsin da bai saba ci ba da wanda ya sani. Yana sayarwa ƙasa da abin da aka kashe wajen kawo masa daga wata nahiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tambayi kansa ko ba gara a ba shi kuɗin ba tun farko.

Nau'in da ya fi damuna shi ne wanda ake ba ƙungiyar agaji hatsi ko man girki, ta sayar a kasuwar ƙasar da take aiki, ta yi amfani da kuɗin wajen gina rijiya ko asibiti. Ka duba tafiyar: an sayi kaya a Amurka, an biya dako mai tsada, an sayar da asara, an yi gogayya da 'yan kasuwa da manoman wurin, duk don a samu kuɗin da za a iya aikowa ta banki cikin kwana ɗaya. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka, GAO, ya gano a 2011 cewa cikin dala miliyan 722 da aka kashe a shekaru uku ta wannan hanya, miliyan 219 sun narke a hanya. Ƙungiyar agaji ta CARE, wadda tana cikin manyan masu cin gajiyar tsarin, ta yanke shawarar daina shi, ta haƙura da kimanin dala miliyan 45 a shekara. Dokar Amurka tun 1977 ta wajabta a yi bincike kafin a aika kaya, a tabbatar akwai wurin ajiya kuma ba za a cutar da noman wurin ba. Doka ce mai kyau, sai dai sau da yawa wanda ke son kayan shi ne ke rubuta rahoton.

Duk da haka, in ka tambaye ni wanne ya fi cutar da manoman ƙasashe matalauta, zan ce ba agaji ba ne, cinikin da tallafi ke bayansa ne. Agajin abinci a 'yan shekarun nan ɗan ƙaramin kaso ne na hatsin da ke ratsa teku. Dubi Haiti: a 1995 ta sauke harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari bisa matsin masu ba ta bashi, shinkafar Amurka mai tallafi ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite da yawa suka bar gona suka nufi birni. A 2010 Bill Clinton ya faɗa wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa manufar ta amfani manoman jiharsa ta Arkansas amma kuskure ce. Dubi kuma auduga. A 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka taron Hukumar Ciniki ta Duniya a Cancun ta ƙasar Meziko cewa tallafin da Amurka ke ba 'yan dubban manomanta yana danne farashin da miliyoyin mutanensu ke rayuwa a kai. Birazil ce ta kai ƙara gaban hukumar ta yi nasara, kuma ƙarshen shari'ar shi ne a 2014 Amurka ta biya Birazil dala miliyan 300 aka rufe magana. Ƙasashen huɗu da suka kai kukan ba sa cikin wannan sulhu.

Abin da ya sauya

Duniya ba ta tsaya a 1985 ba, kuma a nan ne maganar abokinka ta tsufa. Yarjejeniyar noma da ta fara aiki tare da kafuwar Hukumar Ciniki ta Duniya a 1995 ta tilasta wa ƙasashe masu arziki su rage kuɗin tallafin fitarwa da kashi 36 cikin ɗari, yawan kayan kuma da kashi 21, cikin shekaru shida. A Disamba 2015, a taron hukumar a Nairobi, aka amince a soke tallafin baki ɗaya, aka taƙaita wa'adin bashin da gwamnati ke tsaya wa zuwa wata 18, aka kuma sa ƙa'idoji kan agaji don kada ya zama ƙofar baya. Tarayyar Turai ta sauya tsarin agajinta a 1996, ta koma ba da kuɗi a sayo a kusa. Kanada ta kwance rabin nata daga sharaɗin a saya a gida a 2005, ta kwance duka a 2008. Yarjejeniyar agajin abinci ta 1967, wadda ake lissafa alƙawari da tan na alkama, an maye gurbinta a 2012 da wadda ta yarda da kuɗi da katin sayen abinci. Shirin Abinci na Duniya, WFP, yanzu yana sayen mafi yawan kayansa a ƙasashe masu tasowa, yana kuma raba biliyoyin daloli kuɗi hannu.

Sai dai tallafin bai mutu ba, riga ya sauya. Maimakon a biya mai fitarwa a bakin tasha, yanzu ana biyan manomi a gonarsa gwargwadon faɗin ƙasarsa, ko a biya masa kaso mai tsoka na inshora. A takarda wannan ba tallafin fitarwa ba ne. A kasuwa kuwa, manomin da gwamnati ta ɗauke wa rabin haɗari yana iya sayarwa ƙasa da abin da ya kashe ya kwana lafiya. Ƙungiyar OECD, wadda mafi yawan mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ƙiyasta cewa ƙasashe 54 da take bibiya suna ba fannin noma tallafin da ya haura dala biliyan 800 a shekara, kuma yanzu Sin da Indiya suna cikin manya, ba Turai da Amurka kaɗai ba. Har ila yau wata sabuwar matsala ta fito ta ɗaya gefen, wato hana fitarwa. A 2007 da 2008 Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa, tsoro ya kama masu saye, farashi ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni har ya haura dala 1,000 a kan tan. Rasha ta rufe alkama a 2010, Indiya ta sake rufe alkama a 2022 da farar shinkafa a 2023. Ga ƙasar da ke shigo da abinci, wannan ya fi tallafi ciwo. Shi ya sa a 2022 mambobin hukumar ciniki suka amince kada a hana WFP sayen abincin agaji ko da an rufe iyaka.

A karɓa ko a ƙi?

Ba na goyon bayan a ce a daina karɓa. Mutumin da yaƙi ya kora daga gonarsa, ko yaron da ya rame har ba ya iya haɗiyar abinci sai wanda aka haɗa musamman, ba muhawarar ciniki ce gabansu ba. A yunwar Somaliya tsakanin 2010 da 2012 kimanin mutum 260,000 suka mutu, rabinsu yara ƙanana, kuma babban dalili shi ne taimako ya makara, ba wai ya yi yawa ba. Tambayar da ya kamata gwamnatin da ke karɓa ta yi ita ce wane iri, daga ina, yaushe.

Abin da muke fara dubawa a aiki shi ne kasuwa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa a yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 ba ƙarewar abinci ce ta kashe mutane ba, rashin ikon saye ne. In akwai hatsi a kasuwa, hanyoyi a buɗe, 'yan kasuwa suna iya ƙaro kaya in ciniki ya ƙaru, to kuɗi ne maganin, domin yana isa da wuri kuma yana ƙarewa a aljihun manomi da ɗan kasuwar wurin. In babu a nan amma akwai a lardi ko ƙasar da ke maƙwabtaka, a sayo daga can. Binciken GAO na 2009 ya nuna kayan da aka ɗauko daga Amurka zuwa Afirka kudu da Sahara suna ɗaukar kwana 147 a matsakaici, na cikin ƙasa kwana 35, na maƙwabta 41, kuma sayen kusa ya fi arha da kimanin kashi ɗaya cikin uku. In kuwa duk yankin ne fari ya cinye, ko yaƙi ya rufe kasuwa, to jirgin ruwa daga nesa shi ne mafita, kuma a gode wa wanda ya aiko.

Sayen kusa ma ba tsarkakakke ba ne, kada in yaudare ka. In babbar hukuma ta shiga ƙaramar kasuwa da buƙatar dubban tan, farashi yana tashi, talakan da ba ya cikin jerin masu karɓa ya sha wuya. 'Yan kasuwa sukan sa hannu a kwangila, farashi ya hau, su ɓace. Hatsin da ba a busar da shi sosai ba yana yin fumfuna mai guba, dole a gwada danshi da gubar kafin a loda, kuma an sha mayar da mota cike saboda haka. Kuɗi hannu kuma yana narkewa in hauhawar farashi ta yi tsanani, abin da ya sayi abincin wata a Janairu ya kasa sayen na mako biyu a Yuni. Ni aikina a saye da jigila ya tsaya, ban zauna teburin da ake tsara dokokin ciniki ba, don haka abin da zan iya tsayawa a kai shi ne babu amsa ɗaya da ta dace da kowane wuri, sai an je an auna.

Akwai kuma hakkin mai karɓa ya sa sharaɗi. A 2002 Zambiya ƙarƙashin Shugaba Levy Mwanawasa ta ƙi masarar Amurka da aka sauya wa ƙwayar halitta, wasu maƙwabtanta kuma suka ce za su karɓa in an niƙa ta, don kada a shuka. Ko mutum ya yarda da Zambiya ko bai yarda ba, rikicin bai taso ba sai don mai bayarwa ya ɗaure agajinsa da kayan gonarsa. Da kuɗi ya bayar, da an sayo wata masarar.

Sai dai akwai abin da ke hana ni yin saurin la'antar wannan ɗauri. Dokar Amurka ta ce aƙalla rabin kayan agaji a ɗauke su a jiragen ruwa masu tutar Amurka, kason da ya kasance kashi 75 daga 1985 zuwa 2012, kuma waɗannan jirage sun fi tsada. Ɓarna ce a fili. Amma manoman alkama da masu injin niƙa da kamfanonin jiragen da ke cin wannan ciniki su ne suka riƙa zuwa majalisa shekara saba'in suna kare kasafin, har Amurka ta zama mai ba da kaso mafi girma na agajin abinci a duniya. Agajin da aka mayar kuɗi zalla ya fi inganci, amma ba shi da mai kuka dominsa a mazaɓar kowane ɗan majalisa, kuma ƙasashen Turai da dama da suka kwance nasu sun rage kasafin taimako a 'yan shekarun nan ba tare da wata hayaniya ba. Da aka rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025, cikin muryoyin da suka fi ƙarfi wajen neman a ceci shirin Abinci don Zaman Lafiya akwai 'yan majalisar jihar Kansas da ƙungiyoyin manoman alkama da dawa, kuma abin da suka nema shi ne a mayar da shirin ƙarƙashin ma'aikatar noma, a ci gaba da sayen hatsin a wurinsu.